Littafin da ya tsaga Amurka tsakanin masallaci da coci: wa ke da gaskiya cikin masu karatunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu takwas ne muke da 'yar ƙungiyar karatu, duk wata mukan zaɓi littafi ɗaya. A watan jiya mun karanta *Prayers for the Assassin* na Robert Ferrigno, wanda ya nuna Amurka ta rabu biyu, ɓangaren Musulmi da na Kirista. Zaman tattaunawarmu saura kaɗan ya zama faɗa. Wasu sun ce cin mutuncin addini ne, kada mu sake taɓa irinsa. Wasu sun ce ai babban tauraron Musulmi ne, ina cin mutuncin? Ɗaya kuma ta ce labari ne kawai, mu daina wahalar da kanmu. Ni dai cikin kwana uku na gama shi, na ji daɗinsa, kuma ina jin nauyin in faɗa. Wa ke da gaskiya? Mu ci gaba da na biyu ko mu haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Fara sauke wannan nauyin tukuna. An gina littafin ne don a kasa ajiye shi, kuma maginin ya san aikinsa. Tun 1990 Ferrigno yake rubuta labaran masu laifi da masu farautarsu, ya iya yanke babi daidai inda zuciyar mutum take dukan uku-uku. Jin daɗin gudun labari daban, amincewa da kayan da ya ɗauko a kansa daban, kuma mai karatu na da ikon ya yi na farko ya ƙi na biyu.

Saboda waɗanda ba su karanta ba, ga yadda abin yake. Littafin ya fito a farkon 2006, sunansa in an juya shi da Hausa kamar a ce "Addu'o'i ga Makashi". Labarin yana faruwa ne a 2040. An ce a 2015 bama-baman nukiliya sun shafe Niyok da Washinton, wani kuma ya gurɓata Makka, aka ɗora laifin a wuyan Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila. Ƙasa ta faɗa yaƙin basasa, ta tsage. Mafi yawanta ya zama Jamhuriyar Musulunci mai babban birni a Seattle, kudu ta zama ƙasar Kiristoci, sai Nevada da yankin 'yan ɗariƙar Mormon suka tsaya da ƙafarsu. Wata masaniyar tarihi, Sarah, ta gano cewa ba Isra'ila ce ta tayar da bama-baman ba, sai ta ɓace. Ɗan'uwan mahaifinta, shugaban hukumar tsaron ƙasa da ake wa laƙabi da Jan Gemu, ya tura Rakkim Epps, tsohon sojan rundunar Fida'iyyai, ya nemo ta. A bayansu akwai makashi mai suna Darwin, da 'yan sandan addini Masu Baƙar Riga, da wani attajiri da ake kira Tsoho, wanda shi ne ya kitsa komai don ya kafa halifanci ya mulki duniya.

Masana adabin Turawa suna kiran wannan nau'i distofiya, wato labarin mummunar gobe. Dabararsa ba ta da yawa. Marubuci yakan ɗauki gidan mai karatu, ya bar bango da ƙofa a inda suke, ya sauya abin da ke ciki, har mutum ya shiga ɗakin kansa ya ji shi baƙo ne. Ke nan tsoron na mai gida ne. Wanda ba gidansu ba ne zai iya shiga ya zagaya ya fito bai ji komai ba, ko ma ya ji wani abu dabam da marubucin bai yi tsammani ba. Rigimarku daga nan ta samo asali.

Ki tuna yadda littafin ya buɗe. Ana wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa, Super Bowl, shirin da ya fi kowanne tara 'yan kallo a talabijin ɗin ƙasar, a filin wasa mai sunan Khumaini, kuma ba a dawo daga hutun rabin lokaci ba sai da dubban 'yan kallo suka yi alwala suka yi sallar azahar. Ga Ba'amurken 2006, wannan shafi ɗaya ya isa ya tayar masa da tsigar jiki. Na taɓa ba ɗalibaina labarin wannan buɗewa a aji, ina ta ƙoƙarin nuna musu yadda marubuci ke dasa fargaba tun daga layin farko. Sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ina abin tsoron?" Aji ya kwashe da dariya. Ya ce su a gidan kallon unguwarsu, alƙalin wasa na busa hutun rabin lokaci rabin bencina ke watsewa, a yi layin buta, a shimfiɗa tabarma a bakin titi, wanda aka tura gaba kuma ya san ba ranar doguwar sura ba ce, domin minti goma sha biyar kawai ake da su. Abin da aka zana a matsayin alamar ƙarshen duniya, a wurinsa yammacin Asabar ne. Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar, kuma tambayarsa ta fi darasin da na shirya amfani. Ko a Ingila ma, a watan Afrilun 2021, an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa a watan azumi, aka ci gaba da wasa, sama ba ta faɗo ba.

To abin da ƙawayenki masu fushi suka ji ke nan, ko da ba su sami kalmomin faɗarsa ba. Ba sai an zagi addini ƙiri-ƙiri ake ɓata wa mai shi rai ba. An ɗauki kiran sallah da hijabi da barin giya da sunayen da muke raɗa wa 'ya'yanmu, an zuba su a kwando ɗaya da bulala da jifa da ta'addanci, an miƙa wa mai karatu a kan cewa duk kayan gida ɗaya ne. Mutum ya ga rayuwarsa ta yau da kullum ta zama kayan adon mafarkin tsoron wani. Wannan ƙorafi na gaskiya ne, kuma ba na ganin ya kamata a kore shi da cewa masu yinsa ba su fahimci adabi ba.

Sunayen da ke cikin littafin ma sun tona asirin inda marubucin ya samo Musuluncinsa. Filin wasa na Khumaini, San Francisco ta koma Sabuwar Falluja, lemon kwalba kuma Jihad Cola. Duk wanda ya tashi a cikin Musulmi ya san cewa masu girmama Khumaini da irin mayaƙan da suka yi suna a Falluja a 2004 ba sa shan inuwa ɗaya, balle su haɗu su raɗa wa ƙasa ɗaya sunaye cikin lumana. Musuluncin kanun labarai ne, na mutumin da ya shafe kusan shekara biyar yana kallon talabijin tun daga harin 11 ga Satumban 2001, ya ga yaƙin Iraƙi daga 2003, harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, na Landan a 2005, sannan littafinsa ya fito daidai lokacin da duniya ke ci da wuta kan zanen ɓatancin da wata jaridar Denmak ta buga. Shi kuwa Tsoho, a karatuna, ya girmi duk waɗannan. Tun zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya Turawa suke da tatsuniyar "Tsohon Dutse", shugaban da ke zaune a ɓoye yana aika matasa masu wuƙa su kashe sarakuna. Tushenta ƙungiyar Isma'iliyyan da Hasan Sabbah ya kafa wa cibiya a ganuwar Alamut ta ƙasar Farisa a 1090, wadda Mangolawa suka karya a 1256. Mayaƙanta su ake kira fida'iyyai, kuma daga laƙabin da abokan gabansu suka yi musu kalmar "makashi" da ke jikin sunan littafin nan ta shiga harsunan Turai. Ferrigno ya ɗauko dodon da ya shekara ɗari takwas a rumbun Turawa, ya kakkaɓe masa ƙura, ya ajiye shi a Las Vegas.

Masu kare littafin su ma ba da hannu wofi suka zo ba. Rakkim Musulmi ne, Sarah Musulma ce, Jan Gemu da ke tsaye tsakanin ƙasa da masu tsattsauran ra'ayi Musulmi ne, kuma waɗanda Masu Baƙar Riga suka fi gallaza wa Musulmi ne 'yan'uwansu. An nuna al'ummar hawa-hawa, akwai masu tsanani, akwai masu sassauci, akwai 'yan zamani, ga Katolika da aka bari suna zaune a matsayin 'yan bora. A cikin littattafan leƙen asirin Amurka na wancan lokaci, inda Musulmi bai cika wuce mai ɗaure da bam a ƙugu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har ila yau zambon da ke ciki kaifi biyu gare shi. Tsohuwar Amurka da aka nuna ba da ƙarfin soja aka ci ta ba, ruɓewa ta yi daga ciki, mutanenta ba su da abin da suka yi imani da shi, har ta kai wata tauraruwar fim ta bayyana musuluntarta a wajen karɓar lambar Oscar, jama'a suka bi ta ɗuu kamar sabon yayin ɗinki. Wannan habaici ne ga Amurkawa kafin ya zama ga kowa. Sai dai ki lura da wani abu, taurarin nan biyu da aka ba mu mu ƙaunata, Rakkim da Sarah, su ne mafi sauƙin riƙo da ibada a cikin manyan taurarin. Kuma littafin bai cika shigar da mu zuciyar mai sujada mu ji abin da yake ji ba. Mukan tsaya daga bakin ƙofa ne muna kallon sahu.

Akwai wani wurin da nake so ku koma ku tattauna, domin na tabbata ya sosa wa wasunku rai ba su faɗa ba. Asirin da labarin ya tona shi ne cewa ƙarya aka yi wa Yahudawa, Musulmi ne ya tayar da bama-baman, har da na Makka. Mai karatu Bayahude zai ga an wanke shi daga irin ƙazafin da aka daɗe ana yi wa kakanninsa a Turai. Mai karatu Musulmi zai ga an yi doguwar tafiya an dawo inda aka saba, mai laifi dai shi ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a majalisunmu da tashoshin motarmu an sha cewa Yahudawa ne suka kai harin 11 ga Satumba, wai ma an gargaɗe su kada su je aiki ranar. Zancen ba shi da tushe, kuma Usama bin Ladan da bakinsa ya ɗauki alhakin harin a wani faifan bidiyo a 2004. Wannan jita-jitar Ferrigno ya auna ya harba. In harbin ya yi zafi, ba duka laifin maharbi ba ne.

Masu karatun da suka fi ba ni tsoro ba sa cikin ƙungiyarku. Su ne waɗanda suka ɗauki littafin a matsayin duba, suka rufe shi suna cewa ga abin da ke tafe. Kuma abin mamaki, masu murna da masu fushi duk sun faɗa wannan rami. Abin da ya faru a Kanada ya isa misali. Mark Steyn, marubucin da ya yi suna wajen cewa yawan haihuwar Musulmi zai cinye Turai, ya yi sharhin littafin a mujallar *Maclean's*, ya yaba masa, domin ya zo daidai da wa'azin da ya daɗe yana yi. A ƙarshen 2007 ƙungiyar Canadian Islamic Congress tare da wasu ɗaliban lauya suka kai ƙarar mujallar gaban hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam. Babban abin da suka kai ƙara a kai wani dogon rubutun Steyn ne na 2006 kan cewa gobe ta Musulunci ce, amma cikin hujjojin da ɗaliban suka tara har da wannan sharhi, inda aka jero abubuwan da ke cikin ƙagaggen labarin, irin su zaman Amurka Jamhuriyar Musulunci a 2040 da tsayawa sallah a Super Bowl, a matsayin da'awar da mujallar ke yaɗawa. Steyn ya yi ta yi musu dariya cewa ba su iya bambance labari da ra'ayin mai sharhi ba. Su kuma abin da suke nufi shi ne ya fake da labarin ne ya faɗi abin da ke ransa. A 2008 duk ƙararrakin suka faɗi: hukumar Ontario ta ce ba huruminta ba ne, ta tarayya ta yi watsi da ƙarar, kotun British Columbia ma ta kore ta bayan ta saurari ɓangarorin biyu. A ganina ɗaliban sun yi kuskuren dabara, amma hancinsu bai yi ƙarya ba. Littafin da aka rubuta don a karanta a jirgi ya zama sanda a hannun masu siyasa.

Duban kuwa ko kusa bai kama hanya ba. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta Musulmin Amurka a 2017 da miliyan 3.45, wato kashi 1.1 cikin 100, kuma hasashenta na 2050 bai wuce kashi 2.1 ba. Shekarar 2015 ta zo ta wuce, Niyok na nan daram.

Lokacin da littafi ya faɗo a cikinsa ma yana sauya yadda ake karanta shi. *Soumission* na Michel Houellebecq, wanda ya zana Faransa ta zaɓi shugaba Musulmi a 2022, ya shiga kasuwa ranar 7 ga Janairun 2015, ranar da aka kai hari ofishin jaridar *Charlie Hebdo* aka kashe mutum 12, kuma zanen Houellebecq ɗin ne a bangon jaridar na wannan mako. Daga ranar babu wanda ya sake iya karanta shi da sanyin rai. Firaministan lokacin, Manuel Valls, har sai da ya fito ya ce Faransa ba Houellebecq ba ce. Alhali wanda ya zauna ya karanta zai tarar babu bulala babu yaƙi a ciki, malaman jami'a ne marasa alƙibla ke miƙa wuya saboda albashi mai tsoka da auren mata fiye da ɗaya. Su aka yi wa zambon.

Yanzu bari in juyo kan ƙawayenki masu fushi, domin akwai inda ba zan bi su ba. In suna nufin Masu Baƙar Riga ƙarya ce tsagwaronta da maƙiyi ya ƙirƙira, to mu ne ya fi kamata mu san ba haka ba ne. Mutanen Gwoza sun zauna ƙarƙashin tutar Boko Haram daga Agustan 2014 zuwa Maris ɗin 2015. Mutanen Timbuktu sun ga yadda aka rushe hubbaren waliyyansu a 2012, aka yi wa mutane bulala a bainar jama'a. Waɗanda suka aikata haka da kabbara suka aikata, waɗanda aka yi wa kuma da salati suka jure. Boualem Sansal, ɗan Aljeriya da ya rayu cikin yaƙin basasar ƙasarsu na shekarun 1990, ya rubuta nasa labarin mummunar goben, *2084*, a 2015, kuma mulkin addinin da ya zana ya fi na Ferrigno duhu nesa ba kusa ba. Saboda haka matsalar ba nuna zalunci da sunan addini ba ce. Inda Ferrigno ya gaza shi ne bai san inda sallah ta ƙare bulala ta fara ba. Mu kuwa da muka yi sallah a gidan kallo, muka kuma karɓi 'yan gudun hijira a gidajenmu, mun san wannan iyaka kamar tafin hannunmu. A wannan fanni kun fi marubucin sanin abin da yake rubutu a kai, kuma da wannan ido ya kamata ku karanta shi.

Ki gwada shi da *The Handmaid's Tale* na Margaret Atwood, na 1985, inda masu tsattsauran ra'ayin Kiristanci suka kifar da gwamnatin Amurka suka kafa ƙasar Gilead. Shi ma an yi ta kai ƙorafinsa a makarantun Amurka, wasu iyaye na cewa ɓatanci ne ga Kiristanci. Amma Atwood jikar Furitaniyawa ce, Kiristoci masu tsananin riƙo da addini da suka kafa yankin New England na Amurka, da ayoyin Baibul ɗin da ta tashi tana ji ta gina gidan yarin, kuma ta san ta sa Kiristoci 'yan Baftis suna yaƙar gwamnatin daga daji, 'yan Kwaka suna ɓoye masu gudu, ana rataye limaman Katolika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta iya raba addini da masu hawansa domin nata ne. Ferrigno ya yi ƙoƙarin yin haka, ban hana shi wannan ba, amma daga waje yake leƙe.

Wani abin da ya rage mini armashin littafin shi ne tsabtar taswirarsa, nan Musulmi, can Kirista, ga iyaka a tsakani. Na zauna a Kaduna, na san yadda rabuwar addini take a ƙasa. Bayan rikicin Fabrairun 2000, da na 2002, gari ya ja layi a bakin kogi, Musulmi suka yi ta komawa arewa, su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka gangara kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Television. Amma ba da sanarwar gwamnati aka yi ba. Mutum ne zai sayar da gidan da ya gina da gumin shekara ashirin a rabin kuɗinsa, ko ya yi musaya da wani da ke can tsallake wanda shi ma tsoro ya kora. Maƙwabciyar da ke aiko muku da abincin Kirsimeti, ku aika mata da naman layya, wata rana sai ki ga mota a ƙofar gidanta ana loda katifu, ku rungumi juna, ba mai iya kallon idon wani. Sannan gari na wayewa duk a hau gada a tsallaka, domin kasuwa da ofis da asibiti ba su rabu ba. Mai nama ya san kwastomarsa ta tsallake, ya san yadda take son a yanka mata, har bashi yana ba ta, amma ya san kuma ƙarfe nawa ya kamata kowa ya kama hanyar gida in an ji ƙishin-ƙishin. Wannan zaman na rabi amana rabi ɗar-ɗar shi ne ainihin labarin garin da addini ya raba, kuma ɗan abin da littafin ya taɓo daga ciki, ta hanyar abotar Rakkim da wani ɗan sanda Katolika, bai kai cikin cokali ba. Labarin guje-guje ba ya son irin wannan, yana son iyaka da za a tsallaka da dare da wuƙa a hannu.

Ita kuwa mai cewa labari ne kawai, ki gaya mata in ji ni, da labari ne kawai da ba ku kusa dambe a kansa ba.

Batun ci gaba, ni dai shawarata ku ci gaba, ko don dalili ɗaya. Littafi na biyu, *Sins of the Assassin* na 2008, wanda ya shiga jerin ƙarshe na lambar Edgar ta labaran bincike a 2009, ya tura Rakkim cikin ƙasar Kiristocin kudu, kuma a can ne za ku iya auna adalcin marubucin da kanku. Ba ta fito da kyau ba ita ma, talauci ne da jahilci da shugabannin 'yan bindiga kowa da yankinsa. Na uku, *Heart of the Assassin*, ya biyo a 2009. In kuna da hali, ku haɗa da *The Mirage* na Matt Ruff, na 2012, wanda ya kifar da ƙwaryar gaba ɗaya: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce mai ƙarfin duniya, Kiristoci masu tsattsauran ra'ayi suka sace jirage suka rusa tagwayen benaye a Bagadaza ranar 9 ga Nuwamban 2001, Larabawa suka mamaye Amurka don yaƙi da ta'addanci. Ku sa ido ku ga ko waɗanda suka yi fushi da na farko za su yi dariya a wannan, ku tambaye su dalili.

In kun zo na biyun, ga ɗan aikin da nakan ba ɗalibai. Kowa ya riƙe biro, duk inda aka ci abinci ko aka yi waƙa ko aka yi wasa da dariya, ya ja layi. Ferrigno a Florida ya tashi, kudu gidansu ce. Ku ƙirga sau nawa kuka ji ƙamshin girki a ƙasar Kiristocin, sannan ku koma littafin farko ku nemo wurin da aka zauna shan ruwa da azumi, ko aka yi suna, ko wata tsohuwa ta tsokani jikanta a kan tabarmar sallah. Ku kawo mini abin da kuka samu a wata mai zuwa. Ki gaida sauran 'yan ƙungiyar.